Jelar da Kaka Ta Yanke

Hannuwansa sun fi ɗari, bakinsa ɗaya tak. Ba shi da fiffike, ƙafarsa ba ta taɓa barin ƙasa ba, amma kullum zancensa jirgin sama. Ba ya cin tuwo, shayi kawai yake sha. Mene ne?

Daga kakarka Barakatu, unguwar Nuzla, Jidda, watan Rajab 1388, zuwa ga angona Rafi'u da ke koyon gyaran jirgin sama a Alƙahira.

Da gangan na sa kacici-kacicin gaba da gaisuwa, don na san halinka. Tsallake gaisuwa kake yi ka tafi neman inda aka ce an aiko maka da tsaraba. To babu tsaraba sai ka ba ni amsa.

Assalamu alaikum. Muna nan lafiya. Babanka Ubale lafiya, mamarka lafiya, tana ta tambaya ko Misirawa suna ba ka abinci ko ful, dafaffen waken nan nasu, kawai suke ɗura maka. Ni ma lafiya, in ban da gwiwar nan da ta fi ni taurin kai. Yaya karatu? Yaya sanyin garin? Kada dai ka dawo mini da wata mai jan baki, ni ban sake ka ba.

Aiki ya yi wa warshar babanka, shagon ɗinkin nan nasa, yawa, alhamdu lillahi. Ga tantunan barikin soja, ga kayan masu gadi, ga kuma ɗinkin rigunan jirage na kamfanin nan da ke kula da jirage a fili, don ana shirin aikin Hajji. Ni ban taɓa sanin jirgi ma yana sa riga in zai kwana ba sai a tsufana. Manyan na bakin inji maza ke ɗinkawa a warsha. Ƙananan kuwa, wasu 'yan huluna kamar safar ɗan yatsa, su aka kawo mana gida, ni da matan layinmu.

Shi babanka ba ka ganinsa ranar Juma'a. Ana saukowa daga masallaci sai ya nufi Balad, tsohon gari, gidan Shaihi Abdulghani, wai taron jam'iyya. Ka san ta ai, Jam'iyyar Masu Aikin Filin Jirgi da Bariki: teloli, masu walda, masu fenti, masu gadi, duk wanda ke cin abinci ta ƙofar filin nan. Na tambaye shi me suke yi a can, ya ce, “Inna, magana da murya ɗaya.” Na ce ni dai ban ga abin da muryar ta ɗinka ba. Ku ce kuna zuwa shan shayin Shaihi, halas.

Yanzu bari in ba ka labarin gyaran da na yi musu. Samfurin hular da aka kawo mana, an maƙala masa wani jan ƙyalle mai tsawo, ya fi kamu biyu, yana reto kamar jelar ɓera. Babu kalmasa, babu ado, ja wur kamar an yanka zakara. Babanka ya sa yaran warsha sun ɗinka wa kowace hula irinsa, mu namu mu yi bakin hular mu ninke. Na duba na ce, wannan aikin ƙazanta ne. Macen da ta koyi allura a Mai Wurno ta Sudan ba za a ce daga hannunta zare ya fita yana lilo ba. Na ɗauki almakashi na bi su ɗaya bayan ɗaya na datse, na kalmashe wurin tsaf, ko tabo babu. Hulunan suka fito toka-toka, kalar jikin jirgin sak, sai ka matso za ka san an sa. Muka ninke muka cusa a buhu, babanka ya aiko aka ɗauka ko buɗewa bai yi ba, don ya san hannun uwarsa.

Ƙyallen ma ban yi asararsa ba. Na harhaɗa na ɗinka matashi ja mai kyau, na cika shi da auduga, na aika wa Shaihi Abdulghani ta hannun matarsa Zakiya, tunda an ce basir yana damunsa. Ta ce tun daga ranar ba ya zama sai a kai.

Ka ga kakarka. Kai kana can kana karatun jirgi, ni ina nan ina gyara shi.

Taka har abada,
Barakatu

*

Alƙahira, farkon Sha'aban 1388

Zuwa ga Sitti Barakatu,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya, karatu lafiya, Allah ya ba gwiwa sauƙi. Ki gaida Baba da Mama. Sauran gaisuwa sai wani jiƙon, don maganar nan ba ta jira.

Ya Sitti, me kika yi? Don Allah, kina gama karanta wannan ki aika a kira Baba, ko yana tsakiyar yanka yadi ne. Ya je fili ya karɓo hulunan nan duka, kada ya bar ko ɗaya.

Ki saurara in gaya miki. A kusa da hancin jirgi akwai wani ɗan bututu siriri. Iskar da ke shiga cikinsa ita ke gaya wa matuƙi irin gudun da yake yi. In jirgi ya tsaya ana rufe bakinsa da hular nan, don ƙura da zanzaro, kin san zanzaro ba ya ganin rami ya wuce. Kafin a tashi dole a cire. Jelar nan da kika raina, ita ce dalilin da ba a mantawa. An yi ta ja, an yi ta da tsawo, an bar ta tana lilo, don ko makaho-makaho ne mutum ya hango ta daga nesa. Muninta shi ne aikinta, Sitti. Malaminmu ranar farko abin da ya fara nuna mana ke nan, ya ce wanda ya bar jirgi ya motsa da jela a jiki ya tattara kayansa. Ke kuma kin yi hula marar jela, kalar jirgi, wadda sai an matso.

Ban ce kin yi da mugun nufi ba. Na san babu wanda ya taɓa gaya miki, ina jin Baban ma babu wanda ya gaya masa. Amma ki yi sauri, wallahi ki yi sauri.

Kacici-kacicinki kuwa, in don shayi ne da surutu, ku ne, tsofaffin layinmu. Sai dai bakinku ya fi ɗaya.

Angonki da kika hana barci,
Rafi'u

*

Nuzla, tsakiyar Sha'aban 1388

Rafi'u,

Sallama da gaisuwa. Jikinmu lafiya. Shiru ban ga amsarka ba, ban sani ba ko takardata ta same ka. In ta same ka, to abin da na yi ta taƙama da shi a ciki ya zama abin da ya zama.

Ranar Talata babanka ya shigo da hantsi, lokacin da ba ya shigowa. Ya zauna a bakin tabarmata, ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Ya ce, “Inna, ina jelar?” Na ce wace jela? Ya ce ta hulunan jirgi. Na ce, “Au, wannan ƙazantar? Ai na gyara maka.” Ya rufe fuska da tafin hannu. Tun yana yaro in ya yi haka na san kuka yake haɗiyewa.

Ashe wani jirgi ne da zai je Madina aka cire masa manyan riguna aka manta da 'yar hulata, don ba a gan ta ba. Ya ɗauki gudu a kan titinsa, matuƙin ya ga allurar gabansa ta ƙi motsi, ya taka birki da ƙarfi. Allah ya tsare, ko ƙwarzane babu wanda ya yi, sai rawunan mutane da suka zube. Na yi ta salati har bakina ya bushe. Mutane ne fa a ciki, Rafi'u, masu zuwa ziyara.

Mudir, wato shugaban kamfanin, ya karɓe takardun shiga fili na teloli gaba ɗaya. Hulunan warsha-warsha ne aka haɗa a sito ɗaya, babu alamar kowa a jiki, don haka bai san daga inda marar jela ta fito ba. Ya aika wa Shaihi Abdulghani cewa ko dai jam'iyya ta ba shi sunan warshar a kore ta har abada, ko kuma ya sallami teloli duka ya sa a riƙa kawo masa daga waje.

Garba mai warsha a bakin kasuwa, abokin babanka tun suna koyon keken ɗinki, ya zo jiya. Bai yi faɗa ba, da ma faɗan ya yi. Ya ce, “Ubale, ni ina da mutum bakwai a ƙarƙashina, kai ma ka sani.” Babanka ya ce ya sani. Ya ce ranar Juma'a a taro zai miƙe ya faɗi sunan kansa, a kai wa mudir. Na ce ai ni na yanke, a kai sunana. Ya ce, “Inna, ke ba ki da warsha.”

Warshar nan kakanka ya kafa ta da keke ɗaya da muka sauko da shi daga jirgin ruwan Sawakin. Almakashina ne zai rufe ta.

Ka sa mu a addu'a. Yau ba ni da tsokana.

Kakarka

*

Alƙahira, ƙarshen Ramadan 1388

Sitti,

Gaisuwa da fatan an sha ruwa lafiya. Ni ƙalau nake, in ban da zuciya.

Takardarki ta Sha'aban ta zo, ta sha bamban da tawa a hanya. Tun daga ita ban ƙara jin ko tari daga Jidda ba. Na rubuta wa Baba, shiru. Na je wurin wani ɗan unguwar Aziziyya da ya zo daga Jidda kwanan nan, ya ce shi dai ya ga warshar Baba a rufe da rana tsaka, bai san dalili ba.

Juma'ar nan ta wuce tuntuni. Me aka yi? An kai sunan?

Na yanke shawara. In an rufe warsha ba zan zauna a nan ina zana fukafukai a takarda, Baba yana can yana neman wanda zai ɗauke shi ɗinkin maɓalli ba. Bayan salla zan ajiye karatun in dawo in nemi aiki ko na wankin jirgi ne. Na riga na gaya wa malaminmu, ya ce in jira in ji daga gida. Ki amsa mini, ko layi ɗaya ne. Ko zagi ne ina so.

Rafi'u

*

Nuzla, watan Shawwal 1388

Zuwa ga angona mai saurin kuka,

Assalamu alaikum, barka da salla. Kowa lafiya. Gwiwa ta yi sauƙi, yanzu yatsu ne suka karɓi aikin ciwo, za ka ji dalili.

Zagi ka ce kana so? To karɓi: ja'iri, in ka kuskura ka ajiye karatun nan, da almakashin da ka sani zan tare ka a bakin ƙofa. Mayar da akwatinka ƙarƙashin gado. Takardarka ta gargaɗi ta iso ana saura kwana kaɗan azumi, na karanta na ce sannu likita, mun riga mun yi jinya. Amma na ajiye ta, don a nan na fara jin labarin zanzaro.

Gyara zama ka sha labari.

Ranar Juma'ar na ce wa babanka zan je gaida Zakiya. Ya kalle ni, na kalli rufin ɗaki. Muka tafi Balad. Maza suka cika majalisin Shaihi har bakin matakala, ni da Zakiya muna bayan labule, tana zuba shayi ina miƙawa ta ƙasa. Ta wata 'yar ɓula ina hango Shaihi ya harɗe a gaba, gemu fari tas.

Ya karanta saƙon mudir. Babanka ya miƙe ya ce daga warsharsa ne, bai buɗe buhu ba, a kai sunansa. Garba ya sunkuyar da kai ya ce shi ba ya so, amma bai ga wata hanya ba. Wasu suka ce haka ne. Wani mai walda ya ce shi abin da ya ɗaure masa kai, jela ba ta tafiya da ƙafarta. Ƙyalle mai yawa haka, ina ya shiga? Ko sayarwa aka yi? Nan fa majalisi ya ɗau guna-guni. Na ga wuyan babanka ya sauko. Kora daban, a ce masa ɓarawon ƙyalle daban.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce daga bayan labule, “Ya Shaihi, a gafarce ni, tsohuwa ce. A daina neman jela. Kana zaune a kanta.”

Shaihi ya ce, “Wace ce?” Zakiya ta ce, “Hajiya Barakatu ce, mai matashi.” Ya ɗaga cinya ɗaya a hankali, ya leƙa. Ya jawo matashin ya ɗaga shi sama, ja wur, ɗinkina layi-layi. Wani mai gadi ne ya fara fashewa, sai majalisi ya kece gaba ɗaya. Garba har da riƙe ciki. Babanka yana so ya yi fushi da ni, dariya ta ƙi barinsa.

Shaihi ya bari aka lafa. Ya rungume matashin ya ce, “Jama'a, mudir suna yake so. To wa za mu rubuta? Hajiya ta yanke. Ubale bai duba ba. Ni kuma wata guda ina zaune a kan kayan, ina jin daɗi, ina sa albarka. Ya Garba, kai da ka fi mu ƙwarewa, gaya mini, jelar nan ta mece ce?” Garba ya sosa ƙeya ya ce, “Wallahi Shaihi, na ɗauka alamar kamfani ce.” Aka bi teloli ɗaya-ɗaya. Wani ya ce ta ratayewa ce. Wani ya ce ado. Shekara da shekaru suna ɗinka ta, babu wanda ya sani.

Shaihi ya ce, “To kun gani. Yau gidan Ubale ne, gobe da gidan wani ne. Tun kakanni ɗan sana'a in ya yi kuskure a cikin gida ake hukunta shi, ba a miƙa shi waje. Suna ɗaya za mu kai, sunan jam'iyya. Wanda bai yarda ba ya faɗa yanzu.” Garba ya ce, “In mudir ya ƙi fa?” Shaihi ya ce, “Sai mu ji yunwa tare, ka zo nan ka sha shayi.” Aka ɗaga hannu aka yi Fatiha. Garba ma ya ɗaga.

Washegari suka tafi ofishin mudir, ba teloli kaɗai ba, har manyan masu walda da na fenti da na gadi, kowa da farar riga. Babanka ya ce su ko uffan ba su ce ba, Shaihi kaɗai ya yi magana. Ya ce wa mudir laifin namu ne, mun karɓa. Za mu sake hulunan duka ba tare da ka biya ba. Daga yau babu abin da zai shiga fili daga hannun ɗan jam'iyya sai dattawan sana'a sun duba sun buga hatimin jam'iyya, kowace warsha kuma da alamarta a ciki. In aka ƙara samun irin wannan, ka kore mu duka, ba za mu roƙe ka ba. Amma kai ma da naka: ka ba mu muhandis, injiniyan jirgi, ya nuna wa masu ɗinki amfanin abin da suke ɗinkawa, don mutum ba ya tsare abin da bai san dalilinsa ba.

Mudir ya ce har yanzu yana son sunan. Shaihi ya ce, “Ga shi nan tsaye a gabanka, ya cika maka ofis.” Mudir ya dube su, ya dubi takardar da ke nuna watan Hajji a bango, ya san kayan waje ba za su iso ba sai alhazai sun koma gida. Ya ce a kawo sababbin ya gani.

Shi ya sa ɗan Aziziyyarka ya ga warsha a rufe. Kekunan duka aka kwashe aka tara a warshar Garba, don ta fi faɗi, aka yi aikin wuri ɗaya. Ni kuwa Shaihi ya yanke mini hukunci: wadda ta yanke jela ita za ta mayar. Duk jelar da ke filin Jidda bana, ni da matan layinmu muka ɗinka ta, da azumi a baki. Da wane hannun zan rubuta maka? Yanzu ko yaran unguwa Hajiya Jela suke ce mini, ina amsawa.

An mayar wa kowa takardarsa ana jibi salla. Babanka ya shigo da tasa ya ajiye mini a cinya, ya ce, “Inna, a ba ni almakashin nan in ajiye.” Na ce ya je ya sayi nasa.

Saura mai daɗin. Da muhandis ya zo zai yi bayani, Shaihi ya ce ai rabin masu ɗinkin mata ne, a kai su su gani. Aka ɗebe mu a motar kamfani bayan salla. Rafi'u, na taɓa jirgi da hannuna! Muhandis ya nuna mana ɗan bututunka, ga hulata a kai, ga jela tana ta kaɗawa a iskar teku, tun daga bakin ƙofar fili na hango ta. Har yanzu mummuna ce, amma na daina faɗa. Sannan aka ce mu hau mu ga ciki. Ni da na zo ƙasar nan da ƙafa da raƙumi da jirgin ruwa, na hau matakala da gwiwar nan, na zauna kusa da taga, aka ɗaure ni da ɗamara, aka ba ni lemo. Jirgin ko motsi bai yi ba, amma Zakiya sai da ta yi kalmar shahada. Ka ga na riga ka. In ka gama karatu sai ka zo ka tayar mini da shi.

Matashin yana nan a majalisi. Shaihi ya hana a kwance. Duk wanda za a karɓa a jam'iyya sai an zaunar da shi a kai an ba shi labarin, sannan a yi masa Fatiha.

Tsarabarka tana hannun wani alhaji da zai bi ta Alƙahira, ko da yake ba ka ci ta ba, don ka kasa kacici-kacicin. Lokacin da na ƙirƙire shi tsiya nake yi wa abin, ina cewa bakin nan guda na kurɓar shayi ne kawai. Yanzu na ga ranar da ya buɗe shi, warshar kakanka kuma a buɗe take.

Abu mai hannu fiye da ɗari da baki ɗaya, jam'iyyar babanka ce.

Matarka ta fari,
Barakatu